Bido a Saman Mota

Shekarar da na rubuta jarrabawar bak, ta gama sakandare, a gidan yayana nake zaune a Madawa. Shi ba ya nan. Ya tafi cirani Aljeriya tun bayan kaka, ya bar mini ɗakinsa, ya bar motarsa a garejin kawunmu, ƙanen Inna, wanda yake makanike ne a bakin babbar hanya.

Motar tsohuwa ce, doguwa, mai layin kujeru uku, irin wadda ake jigilar ƴan kasuwa da ita tsakanin Madawa da Buza. Yayana ya gaji da ganin wasu motoci suna wuce shi a hanya suna riga shi kwasar fasinja, sai ya samo inji mai girma, ya sa Kawu ya cire na asali ya dasa wannan. Ya sa mata karbirato mai maƙogwaro biyu, ya canza bututun hayaƙi. Idan aka tada ta, har ƙofofin kwano na shagunan kusa suke rawa. Abu ɗaya ya rage. Fanfon da ke jawo esansi, wato fetur, daga tanki zuwa inji na tsohon injin ne, kuma ya gaji. A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar tana tafiya lafiya. Da ta fara hawan tudu sai ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu. Yayana ya ce idan ya dawo zai gyara. Ya tafi, ƙura ta rufe ta a ƙarƙashin itacen dogonyaro.

Farkon damina aka kawo Baba daga ƙauyenmu, wanda ke kan dutse bayan Buza, ta hanyar Keita. A motar kasuwa aka kawo shi, a matse tsakanin buhuna da mutane, da cikinsa da ya kumbura. Ya yi mako biyu a gidan likita. Ranar ƙarshe likitan ya kira ni da Kawu waje, ya ce mu kai shi gida, mu ba shi duk abin da yake so ya ci. Kafin nan na ji kalmar da ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya da Faransanci. Na san ma'anarta, mun yi ta a aji. Ban fassara wa kowa ba, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Muka shimfiɗa masa katifa a ɗakin yayana. Inna ta zauna wajen ƙafafunsa. Da yamma Kawu ya zo da man inji a hannunsa, ya durƙusa a bakin ƙofa. Akwai wasa tsakaninsu tun kafin a haife ni, irin na mutum da ƙanen matarsa.

"Kai makanike," in ji Baba, "motar yaron nan, ka saida ta na?"

"Tana nan, Malam. Wa ka sayen ta? Ƙarhi gare ta, abinci na ba ta samu."

"To ba ta ta ci mana. Ko kai ka shanye man?"

Kawu ya yi dariya. Baba ya huta kaɗan, sannan ya ce gida yake son zuwa. Ya ce an yi shuka yana kwance, kuma bai taɓa yin damina bai ga geronsa ba. Ya ce ba zai sake shiga motar kasuwa a matse shi kamar buhun albasa ba. A motar ɗansa zai koma, a kwance, mutanen gari su gani.

"In gobe kake so, gobe mu tahi," in ji Kawu. "In ɗaura bido bisa mota, in jawo tiyo har karbirato. Mai shi gangaro da kainai, ba ruwanmu da hwanho."

"Bidon esansi bisa kaina? In ɗauki wuta tun daga Madawa, ban ko isa inda ake tambaya ba?"

Inna ta ce ya daina irin wannan magana. Shi kuwa ya juyo da ido ya nemo ni inda nake zaune a bayan ƙofa.

"Ga mai karatu nan. Auta shi duba littahi. Abin da yac ce, shi za a yi."

Ni ba mai magana ba ne a gidanmu. Tun ina ƙarami idan ana taro a kusurwa ake samuna. Wannan ne karo na farko da Baba ya miƙa mini wani hukunci a gaban manya. Na ce to.

A cikin akwatin ƙarfen yayana akwai littafin injin, wanda aka ba shi tare da shi. Kwafi ne na kwafi, da Faransanci, wasu shafukan sun yi baƙi da mai. Na sayi sabon kaye, littafin rubutu mai bangon shuɗi. A shafin farko na zana tanki, da tiyo, da mataci, da fanfo, da karbirato, na ja kibiya daga kowane zuwa na gaba da rula. A shafi na biyu na jera hanyoyin da ke gabanmu. Akwai fanfon lantarki mai sauƙin matsi, wanda aka yi don karbirato, amma babu shi a Madawa. Akwai fanfon lantarki mai ƙarfin matsi, na sababbin motoci, shi ne ya cika shaguna. Sai kuma bidon Kawu, wato jarkar mai a saman mota, wanda na rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa.

Washegari na ari awon tela, na je gareji na auna tsayin da ke tsakanin rufin motar da bakin karbirato. Na auna sau uku. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi lissafi kamar yadda aka koya mana a ajin kimiyya: tsayi, da nauyin ruwan, da jan ƙasa. Matsin da bido zai bayar bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da littafin ya nema ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar.

Kawu yana kwance ƙarƙashin wata mota. Ya fito yana goge hannu.

"Mushe, mi littahi yac ce?"

Mushe yake kirana tun ina firamare, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko. Na miƙa masa kayen. Kawu bai iya karatun boko ba, amma ya riƙe shi da yatsu biyu don kada ya ɓata, ya daɗe yana kallo.

"Ba shi isa," na ce.

"Littahin ga naka, don mai gudu anka rubuta shi. Don irin yayanka. Mu mara lahiya za mu ɗauka. Sannu sannu za mu hau, ga giya ta ɗaya."

Na ji abin da ya faɗa. Har yanzu ina iya tuna inda yake tsaye da ƙudan da ke yawo a kan kafaɗarsa. Amma idona yana kan layukan nan biyu. Ban yi masa gardama ba, ban iya gardama ba. Na sa yatsa a kan lambar kawai.

Ya mayar mini da kayen. "To. Malam ya ce abin da kac ce. Sai mu aika Ƙwanni a kawo hwanho."

A kwanakin nan ban ji komai ba. Ba na faɗar wannan don in wanke kaina. Da safe in ɗaga Baba in jingina shi da bango, Inna ta ba shi kunu cokali uku ko huɗu, in fitar da kwanon da ya yi amfani da shi in wanke, in wanke hannuna, in koma ga kaye. Na karanta duk abin da na samu a waya game da faɗin tiyo, da inda ya kamata mataci ya zauna, gaban fanfo ko bayansa. Na gano cewa esansin kwalba da ake sayarwa a bakin hanya yana da datti, don haka na rubuta cewa a sa mataci biyu. Na zana inda wayar lantarki za ta bi don kada ta taɓa ƙarfe mai zafi. Shafukan suna da tsabta ƙwarai. Idan na yi kuskuren harafi ɗaya sai in yage shafin in sake. Abokan ajina suna ta zancen sakamakon jarrabawa, suna taruwa a ƙofar lise, makarantarmu. Ni ko sau ɗaya ban je ba.

Kowace safiya Baba yana tambaya.

"Auta, mota ta ci?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To madalla."

Rana ta huɗu wani direba ya kawo fanfo daga Ƙwanni, a naɗe cikin leda. Kawu ya aiko a kira ni. Na juya shi na karanta rubutun da ke jikinsa. Na sababbin motoci ne. Matsinsa ya ninka abin da karbirato zai iya ɗauka sau da yawa, zai tura mai ya yi ambaliya a kan inji mai zafi. A nan ban yi kuskure ba, ko Kawu ya yarda. Amma ya ce yana iya raba tiyon biyu, rabin man ya riƙa komawa tanki, ya taɓa yi wa wani haka. Na ce sai da na'urar daidaita matsi, ita ma babu ita a garin. Ya dube ni, ya dubi motar.

"Mushe, ka ga Malam yau da sahe?"

"Na gan shi."

"To."

Aka mayar da fanfon. Aka aika Maraɗi wajen wani abokin aikin Kawu, na rubuta lambar abin da muke so a takarda da manyan haruffa, aka ɗauki hotonta aka tura. Yayana ya aiko saƙon murya daga Aljeriya, da ƙarar injin haɗa siminti a bayansa. Ya gaida Baba, ya yi kuka kaɗan, sannan ya ce a bi maganar Auta, kada a ƙona masa mota.

Rana ta shida wani maƙwabcinmu na ƙauye ya zo dubiya da ƙwaryar fura. Baba ya tambaye shi gero. Ya ce an sami ruwa biyu masu kyau, gonar da ke bakin hanya ta kusa kai gwiwa, ƴan uwa sun yi mata noman farko. Baba ya sa hannu a gwiwarsa ta cikin zane, kamar yana aunawa.

Tun daga ranar bai sake tambayar mota ba. Inna ce ta tare ni a tsakar gida ina shanya zanensa.

"Ɗan nan, kwana nawa kuma?"

"An ce jibi, Inna."

"Jibi," ta ce, ta koma ɗaki.

Jibi ya zo, abin bai zo ba. An ce wanda aka ba saƙon ya manta shi a shago. An ce gobe, a motar farko.

Rana ta tara da hantsi ina tasha, a kan benci, ina jiran motar Maraɗi. Na riƙe kayen a cinyata don in gwada lambar idan abin ya iso. Kawu ya zo a kan babur ya tsaya a gabana, bai kashe shi ba.

"Hau."

Na gane. Na miƙe, na ce, "Hwanhon hwa?"

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Na hau bayansa.

Gidan ya riga ya cika da maƙwabta. An rufe Baba da farin zane. Wasu suka ce a yi masa sutura nan Madawa, ƙasa duk ta Allah ce. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kusa da mahaifinsa za a sa shi, kuma a motar ɗansa zai tafi, haka ya ce. Limamin unguwa ya duba rana ya ce idan aka tashi yanzu za a samu la'asar a can.

Kawu bai tambaye ni komai ba wannan karon. Na bi shi gareji don ban san inda zan tsaya ba. Ya ɗauko bido rawaya, ya ɗaura tsumma a bakin mazurari ya tace esansi a ciki. Ya hau saman motar ya ɗaure shi da igiya a jikin ƙarafan kaya, ya jiƙa buhun algarara ya lulluɓe shi saboda rana. Ya zura tiyo mai haske, irin wanda ake ganin abin da ke ciki, ya biyo da shi ta gefen gilashin gaba har cikin inji. Ya sa baki ya zuƙa, ya tofar, ya cusa bakin tiyon a karbirato ya ɗaure da waya. Duka aikin bai kai lokacin da ake dafa shayin farko ba. Muka cire kujerar tsakiya da ta baya. Muka kai motar ƙofar gida, katifar ta shiga daidai. Na san za ta shiga, na auna wurin tun rana ta biyu, yana shafi na bakwai.

Aka kwantar da Baba a kan katifar, Inna ta zauna a baya kusa da shi, da wata maƙwabciya. Ni na zauna gaba. Kawu ya ce in fito da hannu ta taga in riƙe tiyon don kada iska ta fizge shi.

Muka bar kwalta muka kama jar hanya. Ko'ina ya yi kore. Mata suna tafe da kwanonin abinci zuwa gonaki, suna tsayawa su kalli motar saboda ƙararta. A wani kwari ruwa ya ci gefen hanya, Kawu ya sauka ya taka yashin da ƙafa, ya dawo muka ratsa. Warin esansi yana shigowa ta tagata. Hannuna ya mutu tun kafin Buza, ban canza shi ba.

Bayan Buza tudun yake. Hanyar tana hawa a karkace tsakanin baƙaƙen duwatsu, ta juya hagu, ta ƙara miƙewa. Nan motar take mutuwa a da. Kawu ya ce bismillah a hankali, ya sa giya ta ɗaya. Ban kalli hanya ba. Tiyon nake kallo. Man yana sauka a cikinsa, ruwan ɗorawa mai haske, da wani ɗan kumfan iska da ya maƙale kusa da babban yatsana, yana rawa, bai hau ba bai sauka ba. Ina jiran tarin. Na san inda zai zo, na lissafa. Muka wuce wurin. Muka juya hagu. Injin yana gurnani ƙasa ƙasa, kamar bai san ana hawa ba. Sai na ga sararin sama ya buɗe a gaban gilashi, hanya ta kwanta.

Kawu ya sa giya ta biyu. Bai dube ni ba.

Gonarmu tana hannun dama kafin a shiga gari. Geron ya wuce gwiwa. Kawu ya rage tafiya har ta zama kamar ta mai ƙafa, muka bi gefenta daga wannan iyaka zuwa waccan. Na ji Inna a baya ta ce, "Malam, ga ta nan." Sannan muka shiga gari.

An yi masa wanka a ɗakinsa, aka sallace shi bayan la'asar. Na shiga cikin masu ɗaukar makara, na zuba ƙasa, na tsaya a layi ana ba ni hannu. Kowa ya ce in yi haƙuri na ce na gode. Hannuna yana warin mai har washegari, ko da na wanke da toka.

Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, wani mutumin garinmu da ya dawo daga Madawa ya yi gaisuwa, sannan ya miƙo mini ƙaramin kwali. Ya ce a tasha aka ba shi, an ce na ɗan lakwal ne. Na buɗe a gaban mutane. Na karanta lambar. Shi ne, daidai da abin da na rubuta. Na yi masa godiya, na sa kwalin a ƙarƙashin gwiwata.

Da mutane suka tashi salla, Kawu ya matso kusa da ni.

"Shi na?"

"Shi na."

Ya karɓa ya juya shi a hannu. "Mai kyau na." Ya miƙo mini shi. "Mushe, ni ma da na ɗaura bidon tun ran nan, wa ka hana ni? Malam faɗa kawai zai yi, shi shiga."

Na ce haka ne.

Da yamma na zauna a bayan rumbu na sake bin lissafin daga farko. Babu kuskure. Tsayin daidai, amsar daidai. Sai a shafi na uku na ga wani layi da na fassara daga littafin da hannuna, da rubutu mai kyau, tun rana ta farko. Ya ce ana bukatar wannan matsin ne don kada inji ya rasa mai lokacin da aka taka shi har ƙarshe. Na karanta shi sau biyu. Na rufe kayen.

Sakamakon bak ya fito muna ƙauye. Wani abokina ya kira ya ce na ci. Na faɗa wa Inna, ta ce Allah ya yi albarka, ta ci gaba da tsince wake.

Yayana ya dawo bayan an yanke gero. Kawu ya sa fanfon, da mataci biyu, da sabon tiyo mai faɗi, ya bi zanen da ke cikin kayena layi bayan layi, ni ina karanta masa. Motar ta zama abin magana a tashar Buza. Direbobi suna zuwa su leƙa cikin injin, yayana yana ce musu ƙanensa ne ya zaɓa, wanda zai tafi jami'a. Wasu har sun nemi in rubuta musu lambar. Na rubuta.

Kafin in tafi Yamai yayana ya ce zai kai ni ƙauye in yi sallama da Inna. Da muka zo tudun bai ko rage tafiya ba. A giya ta uku ya hau shi, duwatsu suna wucewa ta taga, ya juya hagu ƙura ta tashi a bayanmu.

"Ka ji ta, Auta? Ka ji yadda take ci?"

Na ce na ji.

An riga an kwashe gonar da ke hannun dama. Sai karan da aka kwantar, da awaki a ciki. Muka wuce ta da gudu.